Kofi Biyar, Babu Usur Ko Ɗaya

Sau biyar Najeriya tana ɗaukar kofin duniya na ƙananan matasa: 1985 a ƙasar Sin, 1993 a Japan, 2007 a Koriya ta Kudu, 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sai 2015 a Chile. Babu ƙasar da ta kamo ta, don Brazil ma huɗu take da shi. Sau biyu kuma muna karɓar baƙuncin duniya a gasar matasa, a 1999 da 2009. Duk da haka, har yau ba a taɓa samun ɗan Najeriya da ya riƙe usur a matsayin alƙalin tsakiya a gasar cin kofin duniya ta manya maza ba. Da aka fitar da jerin alƙalan gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddebuwa a farkon 2024, babu sunan ɗan Najeriya a ciki.

Mafi yawan masu sharhi kan ɗora laifin a kan siyasar hukumar CAF da ke Masar, ko kuma a kan hukumar NFF da ke Abuja. Kowaccensu tana da nata kason. Amma a ganina, inda abin ya fi lalacewa shi ne can ƙasa, a filayen firamare na garuruwa irin su Gagarawa da Sule Tankarkar, inda ya kamata yaro ya fara riƙe usur. Daga nan ne tsanin yake farawa, kuma matakalar farkon ce ta karye.

Gasar yara, makarantar alƙalai

Mai kallo yakan ɗauki gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ko 20 a matsayin kasuwar baje kolin 'yan wasa. Haka ne, amma ga FIFA tana da wani aiki na biyu: nan take gwada alƙalai, nan take gwada dokoki.

Dokar da ta hana mai tsaron gida kama ƙwallon da ɗan wasansa ya maido masa da ƙafa, an gwada ta a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta Italiya a 1991, kafin ta zama doka a 1992. A gasar Japan ta 1993, wadda su Nwankwo Kanu suka lashe, an gwada shigo da ƙwallo da ƙafa maimakon jifa da hannu, gwajin bai karɓu ba, aka bar shi. Na'urar bidiyo ta VAR ta yi aiki a gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta Koriya ta Kudu a 2017, shekara guda kafin a kai ta Rasha.

Haka abin yake ga mutanen da ke riƙe da usur. Howard Webb na Ingila ya busa a gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta Kanada a 2007, bayan shekara uku ya busa wasan ƙarshe na kofin duniya a Afirka ta Kudu. Szymon Marciniak na Poland ya busa wasan ƙarshe na 'yan ƙasa da shekara 21 na Turai a 2015, sannan ya zama alƙalin wasan Ajantina da Faransa a Qatar a 2022. Salima Mukansanga ta Ruwanda ta bi ta gasar 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 17 ta Uruguay a 2018, kafin ta zama mace ta farko da ta busa wasa a gasar cin kofin Afirka ta maza, wasan Zimbabuwe da Gini a watan Janairun 2022.

Dalilin bai da wuyar fahimta. Wasan yara yana da gudu da ɗanyen kai, yara kan yi shigar da babba ba zai yi ba, ga masu horarwa da zafin rai, ga shi ana watsa wasan a talabijin. Alƙalin da ya iya riƙe irin wannan wasa, an ga lafiyar jikinsa, an ga nutsuwarsa. Kuskurensa kuma bai kai tsadar kuskure a wasan manya ba. Duk wanda bai bi ta wannan ƙofa ba, da wuya ya isa zauren ciki.

Abin da ya wuce ta Kano da Maradi

Wannan makaranta ta zo har ƙofar gidanmu. A watan Afrilun 1999, filin wasa na Sani Abacha da ke Kofar Mata a Kano yana cikin filaye takwas da suka karɓi gasar 'yan ƙasa da shekara 20, tare da Kaduna da Bauci a Arewa. Spain ta su Xavi ce ta ɗauki kofin bayan ta doke Japan da ci 4 da nema a Legas. Bayan shekara goma, daga 24 ga Oktoba zuwa 15 ga Nuwamba 2009, Kano ta sake karɓar wasannin 'yan ƙasa da shekara 17, gasar da Switzerland ta cinye mu da ci ɗaya mai ban haushi a Abuja.

A gasannin matasa biyu na shekarar 2009, ta Masar da ta Najeriya, FIFA ta yi ta auna alƙalan da take shirin kaiwa Afirka ta Kudu. Waɗanda suka haye daga nahiyarmu su ne Koman Coulibaly na Mali, da Jerome Damon na Afirka ta Kudu, da Eddy Maillet na tsibiran Seychelles. A dubi na ƙarshen nan da kyau. Mutanen Seychelles gaba ɗaya ba su wuce dubu ɗari da 'yan kai ba, yayin da ƙidayar 2006 ta ba Jigawa mutum miliyan huɗu da dubu ɗari uku da ɗoriya. Gambiya ma, wadda ba ta kai Jigawa yawan jama'a ba, ta ba duniya Bakary Gassama, wanda ya busa a gasar 2014 da 2018 da 2022.

Ko maƙwabtanmu da ke tsallaken Maigatari sun riga mu. Lucien Bouchardeau na Jamhuriyar Nijar shi ya busa wasan Italiya da Chile a Faransa a 1998, gasar da Said Belqola na Maroko ya busa wasanta na ƙarshe. Nijar ɗin ta karɓi gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Yamai a 2015, ta kuma karɓi ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Yamai da Maradi a Fabrairun 2019.

Ke nan cikin shekara ashirin, manyan gasannin matasa sun sauka a Kano sau biyu, a Maradi sau ɗaya, duk a ƙasar Hausa. Mun yi fenti, mun gyara ciyawa, mun cika filin da kallo. Da baƙi suka tafi, ba mu riƙe ko ajin koyar da alƙalanci guda mai ɗorewa da za a ce gadon gasar ne ba. An yi ruwa, ƙasa ta shanye.

Tsanin da ake hawa

Ba a wayi gari a ga mutum da bajon FIFA a ƙirji. Yakan fara da rajista a majalisar alƙalan wasa ta jiharsa, ƙarƙashin ƙungiyar alƙalai ta ƙasa, NRA. Yana hawa mataki-mataki da jarrabawa, daga wasannin jiha zuwa gasar NLO, zuwa NNL, zuwa babbar gasar NPFL. Daga nan NFF ke miƙa sunansa ga FIFA. Wanda ya samu bajon, wasanninsa na farko a waje galibi na matasa ne, a shiyyar WAFU B da ta haɗa mu da Nijar da Binin da Togo da Ghana da Burkina Faso da Kwaddebuwa. Idan ya yi abin kirki CAF ta kira shi gasar matasa ta nahiya, sannan FIFA ta waiwaye shi.

Sharuɗɗan a rubuce suke. Alƙalin tsakiya sai ya kai shekara 25 kafin ya shiga jerin FIFA, mataimaki mai tuta kuma shekara 23. Akwai gwajin lafiyar jiki: gudun mita 40 sau shida, kowanne cikin abin da bai wuce daƙiƙa shida ba, sannan gudun mita 75 cikin daƙiƙa 15 da tafiyar mita 25 cikin daƙiƙa 18, a maimaita sau arba'in ba tsayawa. A wasa guda alƙali kan yi gudun kilomita goma ko fiye, kuma ana so ƙwaƙwalwarsa a minti na 90 ta kasance daram kamar a minti na farko.

Yanzu a yi lissafi. Idan ana so mutum ya sami bajo yana da shekara 25 zuwa 28, don ya sami isasshen lokacin hawa sauran matakan, dole ya fara busa tun yana ɗan sakandare. A Ingila ɗan shekara 14 yana iya shiga kwas ɗin alƙalanci. A wajenmu, wa ke riƙe usur a gasar unguwa? Yawanci tsohon ɗan wasa ne da gwiwa ta hana shi ci gaba, ko malamin motsa jiki da aka roƙa ya taimaka. Mutanen kirki ne, suna kuma rufa asiri, amma sun fara a shekarun da takwarorinsu na wasu ƙasashe suke busa wasan nahiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sannan alƙalin tsakiya ba shi kaɗai ne jami'in wasa ba. Akwai mataimaka biyu, da alƙali na huɗu, da kwamishinan wasa, da mai tantance aikin alƙalai, da likitocin da ke duba shekarun yara. Muhimmancin na ƙarshen nan mun ɗanɗana shi. A gasar 2009 ne FIFA ta fara amfani da hoton ƙashin wuyan hannu na na'urar MRI don gano shekaru. A 2016, gab da wasan share fage da Nijar, yaranmu fiye da ashirin suka faɗi wannan gwaji, Nijar ta fitar da mu alhali mu ke riƙe da kofin duniya. Ƙasar da ba ta da jami'an da za su tsaya a kan gaskiyar takardar haihuwa tun a gasar ƙaramar hukuma, a gaban duniya za ta ji kunya.

Abin da ke kashe shukar tun tana tsiro

Bahaushe bai sa wa wannan mutum ƙaramin suna ba. Ya kira shi alƙali, sunan mai zama a kotu ya raba gardama tsakanin Musulmi. Amma duk wanda ya saba kallon gasar cin kofin shugaban ƙaramar hukuma ko ta wani ɗan siyasa a garuruwanmu ya san yadda ake yi da shi. Fili babu shinge, 'yan kallo suna tsaye a kan layin da aka zana da toka. Idan ƙungiyar gida tana baya da ci ɗaya, ba a yarda lokaci ya cika ba sai an rama. Idan ya ba baƙi bugun fenariti, sai ya fara duba ta inda zai fita. Kuɗin aikinsa, in ma an biya, sau da yawa daga aljihun mai masaukin baƙi yake fitowa, kuma bakin da ya ci shi ke jin nauyi.

Kada a ce halin ƙauye ne. A watan Oktoban 2025, a filin Sani Abacha, wato filin da ya karɓi duniya sau biyu, 'yan kallo suka kutsa cikin fili suka far wa alƙalai bayan wasan Kano Pillars da Shooting Stars, har hukumar gasar ta zabtare wa Pillars maki uku. Yaron Gagarawa da ya ga wannan bidiyo a wayarsa, wane uba ne zai bar shi ya ɗauki usur?

Akwai kuma gefen da alƙalan da kansu suka ɓata. Ibrahim Chaibou na Nijar, wanda ya busa wasan sada zumunta da Najeriya ta doke Ajantina da ci 4 da 1 a Abuja a watan Yunin 2011, FIFA ta haramta masa harkar ƙwallo har abada a 2019 saboda karɓar cin hanci. Aden Marwa na Kenya ya rasa gurbinsa na zuwa Rasha a 2018 bayan kyamarar ɗan jaridar Ghana Anas Aremeyaw Anas ta ɗauke shi yana karɓar kuɗi. Ruwa ba ya tsami banza: jama'a suna zargin alƙalai ne domin an sha kama wasu. Sai dai abin lura shi ne, duka da cin hanci suna ciyar da juna. Alƙalin da ya san babu mai kare shi, kuma babu mai biyansa sai mai gida, mai gida zai bi. 'Yan kallon da suka saba ganin haka, sai su ɗauka duk hukuncin da bai yi musu daɗi ba sayensa aka yi. Yaro mai gaskiya da kunya, wanda shi ake nema, tun a shekarar farko yake ajiye usur ya kama wata sana'a.

Hujjojin masu musu

Wani zai ce: yankin da ke fama da kwararowar hamada da ƙarancin malamai da magani, ina shi ina zancen rafali? Maganar tana da nauyi, kuma ba na cewa a ɗebi kuɗin asibiti a sayi tuta. Amma a cikin duk harkokin ƙwallo, alƙalanci ne mafi araha. Usur ne da kati biyu da tuta biyu da agogo da littafin dokoki 17. Abin da ake kashewa a kan riguna da kofi da hotunan mai ɗaukar nauyi a gasa ɗaya ya isa a horar da yara goma. Kuma abin da yaron zai koya, wato yanke hukunci a gaban jama'a, da rubuta rahoto, da tsayawa a kan gaskiya alhali ana yi masa ihu, zai amfane shi ko da a ƙarshe malamin makaranta ya zama ko ma'aikacin kotu.

Wani kuma zai ce ko an horar, CAF ba za ta ɗauka ba, domin gasarmu ta gida ba ta amfani da VAR, kuma manyan gasanni yanzu masu shaidar aiki da na'urar suke nema. Wannan gaskiya ne, kuma aikin NFF ne ta gyara. Amma na'ura ba ta mai da wanda bai iya ba gwani. Ana koyon VAR cikin watanni, nutsuwa a tsakiyar fili kuwa shekaru take ci. Ranar da na'urar ta iso, waɗanda aka riga aka shirya ne za su zauna a gabanta.

Na uku zai ce gurbin kaɗan ne, masu nema da yawa. Wannan ya fara sauyawa. Daga 2025, gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta koma ta kowace shekara, da ƙasashe 48, Qatar za ta riƙe ta har 2029. Ta 'yan mata ma ta koma shekara-shekara a Maroko da ƙasashe 24. Yawan wasanni yana nufin yawan alƙalai, a gasar kanta da kuma a wasannin share fage na shiyya. Ban da na FIFA, akwai manyan gasannin yara irin su Gothia a Suwidin da Dana a Denmak, waɗanda ƙungiyar YSFON ta daɗe tana kai yaran Najeriya, kuma suna karɓar alƙalai daga ƙasashe daban-daban. Mun saba tura masu buga ƙwallo can. Ba mu saba tura masu busa ba.

Game da mata kuwa, muna da abin tunawa: Bola Abidoye ta busa a gasar cin kofin duniya ta mata a Amurka a 1999. Inda ake wasannin 'yan mata a makarantu, iyaye sun fi natsuwa idan mace ce alƙaliya. Wannan ƙofa ce da al'adarmu ba ta rufe ba, mu ne ba mu tura ta ba.

Abin da ƙasar Lautai za ta iya yi

Ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel suna da abubuwa uku da ba kowane yanki ke da su ba. Na farko, Kwalejin Ilimi ta Gumel, inda matasa masu shekarun da ake buƙata suke taruwa, kuma daga nan za su watsu makarantun ƙauyuka. Idan majalisar alƙalan wasa ta Jigawa ta riƙa kawo kwas ɗin farko cikin kwalejin sau ɗaya a shekara, kowane malami da ya fita da shaida zai iya ɗaukar ɗalibai biyu ko uku a makarantar da aka tura shi.

Na biyu, iyaka. Maigatari tana fuskantar jihar Damagaram, mutanen Dungas da Magarya kuma suna cin kasuwarta ta Alhamis tun kaka da kakanni, duk da tsamin da siyasa ta yi tun juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai. Gasar yara tsakanin garuruwan ɓangarorin biyu, wadda alƙalin Nijar zai busa a Maigatari, na Gagarawa ya busa a Dungas, ita ce wasan ƙasa da ƙasa mafi araha da za a iya shiryawa. Yaro zai koyi busa a inda ba a san ubansa ba. Zai kuma tsinci Faransanci, harshen da biyar daga cikin ƙasashe bakwai na WAFU B suka gada, yayin da Hausa ke haɗa su a fili.

Na uku, sarauta. Hakimi ko dagaci idan ya ce duk ƙungiyar da magoya bayanta suka taɓa alƙali ba za ta sake buga wasa a ƙasarsa ba na shekara biyu, maganar ta fi tarar da za a rubuto daga Dutse tasiri. A haɗa da ƙa'ida ɗaya: mai shirya gasa ya ajiye kuɗin alƙalai a hannun kwamiti kafin a take ƙwallo, kada ƙungiyar gida ta ba alƙali ko ruwan sha da sunan alheri.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masu karatu irinmu. Hukumar IFAB da ke tsara dokokin wasa tana fitar da su ne da Ingilishi da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci. Rabin rigimar filayenmu jahilcin doka ne: ana dukan mutum a kan satar gida ko taɓa ƙwallo da hannu bisa dokar da aka sauya shekaru da suka wuce. Malaman Hausa da na motsa jiki za su iya zama su fitar da taƙaitaccen bayanin dokokin nan 17 da Hausa mai sauƙi, a riƙa sabunta shi duk shekara, a karanta a rediyo, a tura ta WhatsApp. Ɗan kallon da ya san doka ba ya saurin ɗaukar dutse.

A ƙarshe a ba yaran wurin nuna kansu. Gasar kofin Ramat da ake yi wa yara a Kano don tunawa da Janar Murtala tafiyar 'yan sa'o'i ce daga Gumel. Duk shekarar da Jigawa za ta tura tawaga, ta tura da matasan alƙalai biyu, a nemi masu tantancewa su rubuta musu rahoto.

Babu wanda zai yi alkawarin cewa cikin waɗannan yara za a sami mai busa wasan ƙarshe na duniya. Abin da lissafi ya nuna dai shi ne, wanda zai kai shekara 25 a 2035, yau yana ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare ko farkon babba. Idan ba a miƙa masa usur a wannan zangon karatu ba, aka kuma tsaya masa ranar da ya ba baƙi fenariti, to a 2035 ma za mu sake karanta jerin sunaye daga Masar, mu sake cewa siyasa ce.